Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Sabon Ram

Da Baba ya yi ritaya daga aikin awon filaye, duk mun zaci gona zai kama, ko ya riƙa zama a ƙofar gida da rediyo kamar sauran abokansa. Sai ya koma awon sama. Ya sayi madubin hangen taurari mai ƙafa uku, ya ɗaura masa kyamara, ya kafa shi a saman bene. Mama ta ce shekara da shekaru mutumin nan kansa na sunkuye yana neman turakun iyaka a cikin ciyawa, yanzu da ya kamata wuyansa ya huta sai ya ɗaga shi sama.

Ni ce autarsa, kuma gidana ba nisa, don haka ni ya fara kira in ga abin da ya ɗauko. Ya zaunar da ni gaban tsohuwar kwamfutarsa, irin mai akwatin ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin tebur, ya shiga buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya. Kowanne baƙi ƙirin, sai 'yan ɗige-ɗige farare, da wani ɗan dusu-dusu a tsakiya kamar an shafi gilashi da yatsa.

Na ce, "Baba, anya ka cire murfin kyamarar kuwa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Auta, wuri ɗaya ne na yi ta ɗauka, ɗaruruwa. Kowane hoto ya kamo ɗan haske kaɗan, wanda ido ba ya iya gani. Akwai manhajar da ke jera su a kan juna, hasken ya taru, dattin ya zube. Sai an haɗa su za ki ga abin da ke wurin."

"To a haɗa mana."

"Nan ake yinta," in ji shi.

Ya danna. Kwamfutar ta fara gurnani, wani koren layi ya soma tafiya a kan allo, ya yi ɗan nisa, sai ya cije. Komai ya tsaya cak. Can sai ga rubutu ya fito, wai wurin aiki bai isa ba. Baba ya ce kullum haka take yi masa, kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce ƙarfinsa.

Da na koma gida na ba maigidana labari. Shi likitan dabbobi ne, Likita ma Baba ke kiransa. Mutum ne da zai danne bijimi ya ɗura masa magani, amma a gaban Baba ko ruwa ba ya iya sha sai ya juya baya. Tun da muka yi aure yake neman abin da zai yi wa Baba ya burge shi, Baba kuwa ba ya roƙon kowa komai. Da ya ji labarin sai idonsa ya yi haske. Ya tambayi wani abokin aikinsa, aka ce masa ram kwamfutar ke buƙata, wato abin da take shimfiɗa aiki a kai yayin da take yinsa. Ya je kanti ya ce a ba shi mafi sabo, mafi girma, guda biyu.

Ranar hutu da hantsi muka je. Likita ya durƙusa ya gaida Baba, ya ajiye ledar a gefe, ya ce cikin ladabi, "Baba, wani ɗan abu ne na ce bari a gwada."

Aka jawo akwatin, aka kwance shi. Ban taɓa ganin cikin kwamfuta ba sai ranar. Ga wani babban allo shimfiɗe, wanda ake kira bod, komai a jikinsa yake kafe. A gefe guda akwai ramuka dogaye huɗu, ɗaya na riƙe da tsohon ram ɗin Baba. Sabon kuwa ɗan siriri ne kamar ƙaramar rula, da haƙoran zinariya jere a ƙasansa, da wata 'yar tsaga a tsakanin haƙoran.

Likita ya saita shi a rami ya danna. Ya ƙi. Ya juya shi ya sake dannawa. Ya ƙi. Na ga ya gyara tsayuwa ya tattaro kafaɗa, irin yadda yake yi in zai kama ƙahon bijimi.

Na ce, "Baban yara, wannan fa ba saniya ba ce."

Baba ya ce, "Dakata, Likita." Ya ɗauko gilashinsa da rular ƙarfe, ya auna tsagar, ya auna ɗan tudun da ke cikin ramin. "Sun kauce wa juna. Kaɗan ne, amma da gangan aka yi. Wanda ya ƙera wannan ba ya son ya shiga nan."

Likita ya share gumi ya koma kanti. Ashe ram iri-iri ne, kowane zamani da nasa, kuma bod ɗin Baba na zamanin da ya wuce ne. Aka canza masa da wanda ya dace. Wannan karon da ya danna sai muka ji ƙwas, ya zauna daram. Ya sa na biyun, ƙwas. Mama ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Kai, madalla da Likita." Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Baba ya kunna. Fanka ta juya. Allo bai kawo komai ba. Sai akwatin ya fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Aka kashe aka kunna, haka. Likita ya zare sababbin ya bar tsohon shi kaɗai, yadda muka tarar da shi. Aka kunna. Allo baƙi.

Baba ya cire gilashinsa ya naɗe, ya sa a aljihu, ya zauna a bakin gado. Na san abin da ke ransa: watannin da ya yi yana hawa bene da ciwon gwiwa, duk suna cikin akwatin nan. Likita kuwa da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Baba, don Allah a yi haƙuri," in ji Likita.

"Ba komai, Likita. Alheri ka nufa. Ku ɗauko ta mu kai asibiti."

Shagon gyaran kwamfutar yana hawa na biyu a wani dogon gini, tsakanin mai gyaran waya da mai buga takardu. Mai shagon mace ce, sa'ata, kowa a layin Injiniya yake kiranta. Akwatunan kwamfuta jibge har rufi, teburinta kuwa tsaf, kowace sukurdireba da wurinta. Ta gaida Baba, ta jawo masa kujera, ta saurari bayanin Likita har ƙarshe ba ta katse shi ba.

Baba ya ce, "'Yata, abu ɗaya nake tambaya. Hotunana suna cikin wannan ɗan ƙarfen da aka yi ta zarewa?"

"A'a, Baba. Ram ba ya riƙe komai in an kashe wuta. Hotunanka suna can cikin ma'ajiya, ba wanda ya taɓa su. Bari ka gani da idonka."

Ta zare wani ɗan batir mai kama da maɓalli daga jikin bod, ta ɗan jira, ta mayar. Ta ce bod ɗin ne ya rikice, wannan zai sa ya manta rikicin. Ta gyara wa tsohon ram zama, ta kunna. Allo ya kawo haske. Ga hotunan nan reras, baƙaƙe kamar yadda muka bar su. Baba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, Likita kuma ya nemi benci ya zauna.

"Saura sababbin," in ji Injiniya. "Ina jin ramukan kuka saɓa. Yanzu za a gama."

Ta sa su a ramuka masu launi ɗaya, ta kunna. Ƙit, ƙit, ƙit. Ta gwada ɗaya shi kaɗai. Ƙit, ƙit, ƙit. Ta kama haɓa ta dubi akwatin, sannan ta dubi Likita ta fashe da dariya.

"Likita, kwantar da hankalinka. Ni ma ta ƙi ni."

Ta ɗauki sabon ram ɗin ta sa shi ƙarƙashin madubin aikinta, wanda ke nuna ƙaramin abu ya zama ƙato a kan wani allo na bango. So take ta karanta rubutun da ke jikin 'yan baƙaƙen duwatsun da aka manna masa. Amma kafin ta kai ga rubutun, Baba ya miƙe tsaye.

"Tsaya, 'yata. Koma baya kaɗan."

A kan allon, abin da ido ke gani kamar koren fenti ya zama gari guda. Layuka sirara birjik, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, suna shan kwana tare, wasu su nutse cikin ɗan rami su ɓace. Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Waɗannan hanyoyi ne?"

"Hanyoyin saƙo ne, Baba."

"To wannan fa? Me ya sa yake lanƙwasa kamar maciji alhali ga fili a gabansa? Ba dutse, ba rafi. Duk wanda ya fitar mini da hanya haka a wurin aiki, sai ya sake."

Injiniya ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Saboda ya fi 'yan'uwansa kusa da inda za shi. In aka bar shi ya miƙe, saƙonsa zai riga nasu isa. Shi ya sa aka ƙara masa tafiya, don duk su iso tare."

Baba ya dube ta. "Wutar lantarki fa. Wadda kafin ki ɗauke yatsa daga makunni ta kai ƙarshen unguwa. A kan wannan ɗan taƙin har wani zai riga wani?"

"Zai riga shi, kuma aiki ya lalace. A daƙiƙa ɗaya sau dubban miliyoyi suke kai da kawowa. A irin wannan saurin, tazarar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba tafiya ce."

Baba ya koma ya zauna a hankali. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni da nake kuskuren taku guda a fili in kwana ina jin kunya. Ashe akwai masu awon da ban san da su ba."

Ta nuna masa baƙaƙen duwatsun. Ta ce a cikin kowanne akwai ɗakuna dubban miliyoyi, kowane ɗaki na riƙe da ɗigon wuta, kuma ɗigon yoyo yake yi. Dole a riƙa zagayawa ana sake cika su, duka, kafin mutum ya ƙifta ido, a sake, a sake, muddin kwamfuta na kunne. Na dubi ɗan abin da ɗazu Likita ya so ya danna da ƙarfin tsiya. Shi ma Likita na ga ya kalli tafin hannunsa.

Rubutun ya ba ta amsar da take nema. Duwatsun sabuwar ƙira ne, an yi su bayan an ƙera bod ɗin Baba, don haka bai san yadda ake magana da su ba. Ta ce akwai wata 'yar manhaja a jikin bod, bayos, ita ce ke fara farkawa ta tantance kowa. Za ta sabunta ta. Ta mayar da tsohon ram, ta jona akwatin da babban batir, ta ce kada kowa ya kusanci waya, don in wuta ta yanke ana tsakiyar wannan aiki, bod ɗin ya tafi ke nan. Muka zauna kamar masu jiran a fito da mara lafiya daga tiyata. Likita har hannuwa ya harɗe a baya.

Da aka gama ta zare tsohon ram ta miƙa wa Baba.

"Shi ba za a haɗa da shi ba?" ya tambaya.

"Takunsa ya fi nasu nauyi, Baba. In aka haɗa, ko dai su rage gudu su jira shi, ko su riƙa tuntuɓe da juna. Gara ya huta."

"Ritaya ke nan," in ji Baba. Ya sa shi a aljihun gaba. "Zo nan, abokina, na san yadda abin yake."

Ta kafa sababbin, ta kunna. Babu kuka, amma allo baƙi. Fanka ta tashi da ƙarfi, ta lafa, ta mutu gaba ɗaya, ta sake tashi da kanta. Likita ya kai hannu zai kashe.

Injiniya ta ce, "Bari, Likita. Gaisawa suke yi."

"Gaisawa?"

"Bod ɗin ne ke aika saƙo ta kowace hanya yana sauraron lokacin da zai dawo. In bai yi daidai ba ya gyara ya sake aikawa, har sai sun samu taku ɗaya. Ba a katse su."

Muka zuba wa baƙin allo ido. A waje ana ta hayaniyar masu saye da sayarwa, injin mai buga takardu na ta ƙara ta bango. A cikin akwatin kuwa ana wata irin tattaunawa da ba mai jinta, da saurin da hankalina ya kasa kamawa. Sai ƙit, guda ɗaya tak, gajere, allo ya waye.

Likita ya ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfin da har mai gyaran waya ya leƙo.

Injiniya ta sa wata manhaja ta bi ɗakunan nan tana gwada su, ta ce ba ta sallamar aiki sai ta tabbata. Ta aika aka kawo mana ruwan sanyi. Da gwajin ya fita lafiya, Likita ya fara naɗe wayoyi, sai ta ce, "Baba, in ba damuwa, a gwada aikin naka a nan mana. Ina son in ga abin da ya wahalar da mu."

Baba ya gyara kujera, ya sa gilashi, ya zaɓi hotunan duka, ya danna. Koren layin ya kama hanya. Ya iso inda ya saba cijewa, na riƙe numfashi, ya wuce abinsa. Aikin ya ɗauki lokaci. Rana ta karkata, haskenta ya shigo ta taga, Injiniya ta ja labule. Mai gyaran waya bai koma shagonsa ba. Mai buga takardu ya shigo neman aron abu ya tsaya. Wata mata da ta kawo gyaran kwamfutar ofis ɗinsu ita ma ta samu wuri.

Layin ya kai ƙarshe. Hoto ya fito, baƙi, da ɗan dusu-dusun nan a tsakiya.

Mai gyaran waya ya ce, "Shi ke nan?"

Baba ya kama wani ɗan maɓalli a gefen allon ya ja shi a hankali.

Taurari suka fara fitowa. Ba goma ba, ba ɗari ba, suka cika allon har babu wurin sa tsinke, wasu farare, wasu ja-ja, wasu shuɗaye. Dusu-dusun nan ya buɗe, ya yi faɗi, ya zama wani ƙaton faifai na haske a karkace, tsakiyarsa na ƙuna kamar garwashi, da zobba masu duhu suna naɗe shi, gefensa na narkewa cikin baƙi. A kusa da shi ga wasu ƙanana biyu kamar 'ya'ya sun raka uwa.

Matar nan ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi," a hankali.

Injiniya ta ce, "Baba, wannan daga saman benenka?"

"Daga saman benena. Kusa da tankin ruwa." Ya nuna allon. "Wannan hazon da kuke gani ba hayaƙi ba ne. Taurari ne, kowanne rana ce kamar tamu, sun yi yawa sun yi nisa har sun haɗe. Masana sun ce hasken nan ya fi shekara miliyan biyu yana tafe kafin ya iso."

"Miliyan biyu," in ji mai buga takardu. "Yana tafe. Ya rasa inda zai sauka sai kusa da tankin ruwa."

Aka yi dariya, amma gajeriya, kowa ya mayar da ido kan allon. Na dubi Baba, na ga hawaye na bin gefen hancinsa, bai ma damu ya share ba. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya kamo hannun Likita, ya jawo shi kusa.

"Zauna nan, ɗana. Daga can ba za ka gani da kyau ba."

Likita ya zauna a benci ɗaya da Baba, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Can Injiniya ta ce, "Baba, yanzu haka yana ina?"

Baba ya dubi agogonsa, ya ɗan yi lissafi da leɓe. Ya tashi ya fita baranda, muka bi shi duka. Ya juya wa rana baya, ya karkata hagu kaɗan, ya ɗaga hannu ya nuna saman wani gini mai jan rufi a ƙarshen titi.

"Ga shi can. Yanzu yake fitowa."

Ba komai a wurin sai shuɗin sama da wayoyin lantarki. Muka tsaya muna kallo. Mutanen da ke wucewa a ƙasa suka ga mun jeru mun ɗaga kai, wasu suka tsaya su ma suka ɗaga nasu. Wani mai tura baro ya ɗaga murya ya ce, "Lafiya? Me ake kallo?"

Mai gyaran waya ya leƙa ya ce masa, "Hau ka gani."